Yadda Ake Tsara Gonar Gwaji Kan Shuke-shuken Lulluɓe Ƙasa

Gabatarwa

A da, idan gona ta gaji, manomi yakan bar ta ta zama saura na wasu shekaru har ƙarfinta ya dawo. Yawan jama'a da ƙarancin filaye sun sa wannan ya yi wuya a mafi yawan ƙauyuka, ga kuma tsadar takin zamani. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana aikin gona suke ba da shawara a kai ita ce shuka tsirran da ke lulluɓe ƙasa, su kare ta daga zaizaya, su danne ciyawa, su kuma ƙara mata taki. Sai dai shukar da ta yi kyau a Zariya tana iya kasawa a Daura, domin ruwan sama da ƙasa da al'adar kiwo sun bambanta. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan shafi yana bayyana yadda ake tsara irin wannan gwaji domin amfanin manoma, da malaman gona, da jami'an sashen aikin gona na ƙananan hukumomi, da masu riƙe da sarautun gargajiya.

Mene Ne Shuke-shuken Lulluɓe Ƙasa?

Su ne shuke-shuken da ake shukawa domin ganyensu da rassansu su rufe fuskar gona, ko dai su kaɗai, ko a tsakanin hatsi, ko bayan an cire hatsi. Mafi yawansu dangin wake ne. A saiwoyinsu akwai ƙananan ƙulu-ƙulu masu kama da ƙuraje, inda wasu ƙwayoyin halitta suke zaune suna janyo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin da manomi yake saye a buhun yuriya. Idan aka fasa ƙulun aka ga cikinsa ja-ja ne, alama ce cewa yana aiki. Waɗanda aka fi gwadawa a Arewacin Nijeriya su ne:

1. Makuna. Ɗan'uwan ƙarara ne, amma irin da ake shukawa ba ya ƙaiƙayi kamar na daji. Yana yaɗo ƙwarai, yana danne tofa da sauran ciyayi masu taurin kai. Yana son damina mai tsawo, kuma ba a cin ƙwayarsa sai an sarrafa ta sosai, saboda wani sinadari da ke cikinta.

2. Lablab. Yana jure fari, yakan ci gaba da zama kore bayan ruwa ya ɗauke, kuma dabbobi suna son ganyensa.

3. Wake mai yaɗo da gyaɗa. Manoma sun daɗe da sanin su, suna ba da abinci da harawa.

4. Waken soya. Wasu irinsa, kamar TGX 1448-2E, suna sa ƙwayar wuta-wutar da ke kama dawa da masara ta tsiro, ta rasa saiwar da za ta kama, ta mutu.

5. Sitailo da santirosima. Ciyayin kiwo ne dangin wake, ana shuka su a gonar da aka bari ta huta.

Yana da kyau a sani cewa wake da gyaɗa da waken soya suna tara mafi yawan naitirojin ɗinsu a ƙwaya da harawa. Idan aka kwashe duka biyun, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Haka kuma wake yana da tasa wuta-wutar dabam da ta hatsi.

Taƙaitaccen Tarihi

Ƙa'idojin da ake bi a yau wajen tsara gwajin gona sun samo asali ne daga tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila. A can ne aka fara wani gwajin taki a kan alkama a shekarar 1843, wanda har yanzu ake ci gaba da shi. A 1919 aka ɗauki masanin lissafi Ronald Fisher domin ya nazarci sakamakon da aka tara, shi ne kuma ya tsara ƙa'idojin maimaici da jefa ƙuri'a da kasa fili rukuni-rukuni, ya tattara su a littafin da ya buga a 1935.

A Arewacin Nijeriya, tashar bincike ta Samaru ta fara aiki a 1922, kuma a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 1950 aka kafa a can wani dogon gwaji da ke kwatanta kashin shanu da takin zamani. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta yi bincike mai yawa kan makuna da waken soya da wake, kuma tasharta ta Kano ta yaɗa tsarin shuka kunya 2 na hatsi da kunya 4 na wake. A shekarun 1980, cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta gwada killace fili na kimanin kadada 4 ana shuka sitailo domin shanun makiyaya a kudancin Kaduna. A kudancin Jamhuriyar Benin kuwa, manoman lardin Mono sun karɓi makuna tun ƙarshen shekarun 1980, musamman saboda ya raba su da tofa. Darasin Benin yana da muhimmanci. Masu bincike sun kai makuna domin gyaran ƙasa, manoma kuwa sun riƙe shi domin ya rage musu wahalar ciyawa. Saboda haka wajibi ne gwaji ya auna abin da ya dami manomi.

Mataki Na Farko: Tsayar Da Tambaya

Gwaji yana amsa tambaya ɗaya ce ko biyu. Kafin a taɓa fartanya, sai malamin gona da manoma su zauna su rubuta tambayar a sarari. Ga misalai:

Wanne ne cikin makuna da lablab da waken soya ya fi ƙara amfanin masarar da za a shuka baɗi?

Shin shekara biyu ta waken soya tana rage wuta-wuta fiye da shekara ɗaya?

A wane mako ne ya fi dacewa a shuka makuna a tsakanin masara, ba tare da ya hau ta ya danne ta ba?

Daga tambayar ne ake fitar da dabarun da za a kwatanta. Ga mai farawa, dabaru 4 zuwa 6 sun isa. A zaɓi abin da manomi zai iya samun irinsa, wanda kuma ya dace da tsawon daminar yankin. Samaru tana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma idan aka nausa arewa ruwan raguwa yake yi, damina tana gajarta. A irin waɗannan wurare wake da gyaɗa da lablab sun fi cancanta a gwada fiye da makuna.

Mataki Na Biyu: Zaɓen Fili

A zaɓi fili mai kama da gonakin mafi yawan manoman yankin. Gwajin da aka yi a gonar da ta fi kowace kyau a gari ba zai faɗi abin da zai faru a gonar da ta gaji ba. A tambayi mai gona abin da ya shuka a shekaru 3 da suka wuce da irin takin da ya zuba. A guji shuri, da gindin gawo da sauran manyan itatuwa, da kufai, da tsohuwar makwantar shanu, da inda ruwa yake kwanciya, domin ƙasar waɗannan wurare ta bambanta da sauran filin. Filin ya kasance kusa da hanya domin jama'a su riƙa gani.

Gwajin shuke-shuken lulluɓe ƙasa ba ya ƙarewa a damina ɗaya. Shekarar farko ta shuka su ce, ta biyu kuma ta ganin abin da suka bar wa hatsi. Don haka a rubuta yarjejeniya da mai fili ta aƙalla shekara 2, a gaban mai unguwa ko dagaci, a fayyace wanda zai mallaki amfanin da aka girbe bayan an auna.

Kafin shuka a ɗebi samfurin ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20, a wurare da dama, a gauraya, a shanya a inuwa, a aika ɗakin bincike domin a san tsaminta da yawan takin da ke cikinta.

Mataki Na Uku: Ginshiƙai Huɗu Na Tsari

1. Fulotin kwatance. Kowane gwaji yana buƙatar fulotin da aka noma yadda manomi ya saba, misali masara bayan masara. Da shi ake auna sauran. Idan babu shi, ba za a san ko yabanya ta yi kyau ne saboda makuna ko saboda damina ta yi albarka ba.

2. Maimaici. Ko da an shuka iri ɗaya a fuloti biyu maƙwabta, ba za su ba da awo ɗaya ba. Idan aka gwada kowace dabara sau ɗaya tak, ba a iya raba bambancin dabara da bambancin ƙasa. Don haka ake maimaita kowace dabara sau 4 a wurare dabam-dabam cikin filin. Auna wurare huɗu a cikin fuloti ɗaya bai zama maimaici ba, domin duk a ƙasa ɗaya suke.

3. Jefa ƙuri'a. Ba mai gwaji ne yake zaɓar wa kowace dabara wurinta ba, domin mutum yakan karkata ga abin da yake so ko bai yi niyya ba. A rubuta sunan kowace dabara a ƙaramar takarda, a naɗe, a zuba a hula, a sa yaro ya riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fara fitowa ta samu fuloti na farko, haka har su ƙare.

4. Kasa fili rukuni-rukuni. A raba filin gida 4, kowane gida ya zama rukuni, kuma kowane rukuni ya ƙunshi dukkan dabarun sau ɗaya. Manufa ita ce fulotan da ke rukuni ɗaya su kasance a ƙasa iri ɗaya. Idan filin gangare ne, rukuni na farko ya kwanta a gicciye a kan tudu, na biyu a ƙasa da shi, na ƙarshe a gindin gangaren. Ta haka kowace dabara za ta ɗanɗani tudu, ta ɗanɗani kwari. Ana sake jefa ƙuri'a ga kowane rukuni.

Misalin Shimfiɗa Gwaji

A ɗauka tambayar ita ce wace shuka ta fi taimakon masarar baɗi. Dabarun shekarar farko su ne: A, masara kamar yadda aka saba, B, makuna, C, lablab, D, waken soya, E, saura, wato a bar ciyawa ta fito da kanta. Dabaru 5 sau rukuni 4 sun ba da fuloti 20. Masana lissafin gwaji suna son a ɗebe ɗaya daga yawan dabaru, a ɗebe ɗaya daga yawan rukunai, a ninka, sakamakon ya kai 12 ko kusa da haka. A nan 4 sau 3 ya ba da 12. Wanda yake da dabaru 4 kawai sai ya yi rukuni 5.

Kowane fuloti ya zama kunya 6 masu tazarar santimita 75, wato faɗin mita 4.5, da tsawon mita 6. Girmansa ya zama murabba'in mita 27. A bar ratar mita 1.5 tsakanin fuloti da fuloti, da mita 2 tsakanin rukunai, domin makuna da lablab suna tsallakawa zuwa maƙwabta. Dukkan gwajin zai ci mita 28.5 a faɗi da mita 30 a tsawo, wato murabba'in mita 855, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kadada ba. Ƙuri'a tana iya fitowa kamar haka:

Rukuni na 1: C, A, E, B, D
Rukuni na 2: B, D, A, C, E
Rukuni na 3: E, C, D, A, B
Rukuni na 4: D, B, C, E, A

A auna da tef da igiya, a kafa fegi a kowace kusurwa, a rubuta lambar fuloti. Fegi yana ɓata da rani, gara tana ci, yara suna tumɓukewa. Saboda haka a zana taswirar gwajin a littafi, a auna nisan kusurwoyinsa daga wani abu da ba ya gusawa, kamar dutse ko rijiya, a ajiye kwafi a ofishin aikin gona na ƙaramar hukuma. Gwaji da yawa sun lalace a shekara ta biyu domin an kasa gane inda kowane fuloti yake.

Kula Da Gwaji

Abin da ake gwadawa kaɗai ne zai bambanta, sauran ayyuka kuwa su zama iri ɗaya. A gwada ƙarfin tsirowar iri kafin shuka: a jera ƙwaya 100 a tsumma mai laima, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda. Ƙwayar sitailo da santirosima tana da tauri, sai an kankare ta ko an jiƙa ta a ruwan zafi. A yi shuka rana ɗaya. Idan aikin ba zai ƙare ba, a kammala rukuni ɗaya gaba ɗaya kafin a tashi, kada a tsaya a tsakiyarsa. Haka ma noma da zuba taki da girbi. Idan ma'aikata da yawa ne, kowa ya ɗauki rukuni, kada a ba mutum ɗaya dukkan fulotan makuna. Dangin wake suna buƙatar takin sufa, to a ba dukkan fulotan daidai, har da na kwatance. A auna takin kowane fuloti a sikeli, a ƙulle a leda tun daga gida.

Shekara Ta Biyu

A damina ta biyu ana shuka masara iri ɗaya a dukkan fulotan 20, a rana ɗaya, da tazara ɗaya. Tazarar santimita 75 tsakanin kunyoyi da santimita 25 tsakanin ramuka, tsiro ɗaya a rami, tana ba da kimanin tsiro 53,000 a kadada. Wajen huɗa a kula kada garma ta ja ƙasa da ganye daga wannan fuloti zuwa wancan.

Wanda yake son sanin yawan takin zamanin da shukar lulluɓe za ta rage masa sai ya tsara fuloti masu tsawon mita 12 tun shekarar farko. A shekara ta biyu ya raba kowanne gida biyu, rabi a sa yuriya, rabi a bar shi, ƙuri'a ce kuma za ta nuna wane rabin. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100. Kilo 60 na naitirojin a kadada yana daidai da kimanin kilo 130 na yuriya, wato giram 352 ga rabin fuloti mai murabba'in mita 27. Idan masarar da ta biyo makuna ba tare da yuriya ba ta kusa kamo ta fulotin kwatance mai yuriya, an samu amsar da manomi zai iya lissafa wa da kuɗi.

Abubuwan Da Ake Aunawa

1. Ruwan sama. A kafa ma'aunin ruwa kusa da gwajin, a rubuta kowace safiya.

2. Ranakun aiki. Ranar shuka, da tsirowa, da noma, da fure, da girbi.

3. Yawan rufe ƙasa. A yi ƙulli 20 a igiya da tazara daidai, a miƙa ta daga kusurwar fuloti zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a ƙirga ƙullin da ganye yake ƙarƙashinsu. Ƙulli 15 cikin 20 yana nufin kashi 75 cikin 100. A maimaita kowane mako biyu.

4. Nauyin ganye. A haɗa sanduna huɗu su zama murabba'i mai mita ɗaya kowane gefe, a yanke duk abin da ke ciki, a busar sosai, a auna. Giram 400 na busasshen ganye a murabba'in mita ɗaya daidai yake da tan 4 a kadada.

5. Ciyawa da wuta-wuta. A ƙirga tsiron wuta-wuta a kunyoyin tsakiya a mako na 8, da na 10, da na 12 bayan shuka masara. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi masu iya jira a ƙasa fiye da shekara 10, don haka ba a sa ran ta ƙare a damina ɗaya.

6. Aiki da kuɗi. A rubuta mutum nawa suka yi kowane aiki, cikin awa nawa, da kuɗin iri da taki da ƙwadago.

7. Abin da ya rage bayan rani. Kafin ruwan farko a sake auna ganyen da ke ƙasa.

Takin da ke cikin ƙasa kansa a hankali yake canzawa. Gwajin shekara 2 zai nuna bambanci a yabanya, amma ganin canji a awon ƙasa yakan ɗauki shekaru da dama.

Girbi Da Lissafi

Ba a auna fuloti gaba ɗaya, domin tsirran bakin fuloti suna samun haske da ruwa fiye da na ciki. A bar kunya ɗaya a kowane gefe, da rabin mita a kowane kai. Abin da ya rage shi ne kunya 4 na tsakiya, faɗin mita 3 da tsawon mita 5, wato murabba'in mita 15. A ƙirga tsirran da ke ciki, a girbe, a zuba a buhu mai lambar fuloti ciki da waje. A yi amfani da sikeli, domin cikar mudu da tiya ta danganta ga hannun mai awo.

Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan fuloti ya ba da kilo 4.5 na tsabar masara, sai a ninka da 10,000 a raba da 15, a samu kilo 3,000 a kadada. Ɗanyar masara ta fi busasshiya nauyi, don haka ko dai a shanya dukkan buhunan har nauyinsu ya daina raguwa, ko a auna laima da na'ura a daidaita. Idan laimar kashi 20 ce, ana kuma son a mayar da ita kashi 15, sai a ninka da 80 a raba da 85. Kilo 3,000 ɗin zai koma kimanin kilo 2,824.

Fahimtar Sakamako

A haɗa awon kowace dabara daga rukunan 4, a raba da 4, a samu matsakaici. Daga nan a duba ko bambancin ya ɗore. Ga misali na koyarwa kawai: idan masarar bayan lablab ta fi ta kwatance a dukkan rukunai 4 da tazara mai yawa, akwai dalilin yarda. Idan ta fi a rukuni 2, ta kasa a rukuni 2, ƙaramin fifikon da matsakaici ya nuna yana iya zama na dace. Masana suna da lissafin da ke fitar da mafi ƙarancin bambancin da za a amince da shi, kuma jami'an bincike na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha suna iya yin sa a kwamfuta idan aka kai musu awon kowane fuloti dabam. Idan dabbobi sun cinye fuloti, a rubuta cewa ya lalace, kada a sa sifili, kada kuma a ƙirƙiro masa awo.

Wajen lissafin riba a haɗa shekaru biyun. Manomin da ya bar wa makuna gona damina guda ya rasa hatsin wannan shekarar, don haka masararsa ta shekara ta biyu za a kwatanta da masarar shekara biyu ta fulotin kwatance, a cire kuɗin taki da na noma. Waken soya da wake suna iya barin taki kaɗan a ƙasa, amma kuɗin ƙwayarsu da harawarsu ya cike giɓin. Wannan ne ya sa manoman da filinsu ya yi kaɗan suka fi karɓar su.

Tsarin Uwa Da 'Ya'ya

Gwaji a fili ɗaya yana magana ne kan wannan filin. Domin a faɗaɗa shi, akwai tsarin da wata masaniya mai suna Sieglinde Snapp ta fito da shi a ƙasar Malawi a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake gwada dangin wake a gonakin manoma. Uwa ita ce babban gwajin da aka bayyana a sama, a tsakiyar gari, ƙarƙashin kulawar malamin gona. 'Ya'ya kuwa ƙananan gwaje-gwaje ne a gonakin manoma 15 ko 20 ko fiye, kowa ya ɗauki dabaru 2 ko 3 tare da nasa fulotin kwatance, ya kula da su da hannunsa. Kowace gona tana matsayin rukuni ɗaya. A sa masu jigawa da masu laka, masu shanu da marasa shanu, da mata masu noma. Idan aka zaɓi manyan manoma kawai, sakamakon nasu ne su kaɗai. A kira taron gani da ido lokacin da shuka ta rufe ƙasa, da kuma lokacin girbi, manoma su jera dabarun daga wadda suka fi so, a rubuta dalilansu.

Rani: Dabbobi, Wuta Da Gara

A Arewa, babbar jarrabawar shukar lulluɓe ƙasa ita ce rani. Bayan kaka ana sakin dabbobi, ana cinna wa daji wuta, gara tana cin abin da ya rage, harawa kuma tana da kasuwa. Dole a yanke shawara tun farko: ko a killace gwajin, ko a bar shi a buɗe. Killataccen gwaji yana nuna iyakar abin da shukar za ta iya yi, buɗaɗɗe kuma yana nuna abin da manomi zai samu a zahiri. Ana iya sa wannan cikin tambayar gwaji, a kwatanta barin ganye a gona da kwashe shi a ciyar da dabbobi a mayar da kashinsu.

A nan ne aikin shugabanni yake da nauyi. Ana buƙatar dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a wurin gwajin, su zauna da arɗo da sauran shugabannin makiyaya tun kafin kaka, a tabbatar filin bai shiga burtali ko hanyar mashaya ba. A share ƙasa kewaye da gwajin domin tare gobara. Ƙaramar hukuma ta ware kuɗin shekaru biyun tun farko, ta kuma tanadi wanda zai karɓi littafin gwaji idan aka yi wa malamin gona canjin wurin aiki.

Inda Za A Nemi Taimako

Manomi ko ƙungiyar manoma da ke son kafa gonar gwaji su fara tuntuɓar malamin gonar yankinsu ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, tun kafin bazara, domin a samu lokacin neman iri da auna fili. Ana iya neman shawara kan iri da awon ƙasa daga hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS a Zariya, da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika game da ciyayin kiwo, da tashar IITA ta Kano. Bayan girbin shekara ta biyu, a karanta sakamakon a gaban manoman da suka ba da filayensu da ƙarfinsu, ko da ya nuna cewa sabuwar dabarar ba ta fi ta gargajiya ba, sannan a ajiye kwafi a ofis domin masu zuwa baya.